Shekara takwas da fitowarsa daga gidan yari, har yau fom na tambayarsa

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin shari'a a gidan nan ku ba ni shawara, abin ya hana ni barci. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A 2017 ya karɓi wayoyi bashi a hannun wani ɗan kasuwa zai kai ƙauye ya sayar, abokin tarayyarsa ya tsere da rabin kayan. Mai kaya bai tsaya jin ba'asi ba ya kai shi caji ofis, daga nan sai kotu, aka rubuta masa cin amana. Ranar zaman farko wani ya ja mu gefe ya ce in ya musa, ajiya za a kai shi a yi ta ɗage zama, yana iya shekara ba a gama ba, amma in ya amsa, tara ce kawai mu tafi gida. Mu kuwa me muka sani? Ya amsa. Alƙali ya ce wata 6 ko tarar N20,000, sannan ya biya mai kaya kuɗinsa. Tarar ba ta gagare mu ba, kuɗin kayan ne ya gagara, sai da ya yi wata 4 a ciki kafin mahaifiyarmu ta sayar da filinta.

Tun da ya fito ko kallon banza bai yi wa kowa ba. Ya koyi tuƙi, ya yi aure, yaransa biyu. Yanzu wani kamfani zai ɗauke shi direba, an ba shi fom, a ciki akwai wurin da aka ce: ko kotu ta taɓa samunka da laifi? Sun kuma ce daga baya za su nemi takardar shaidar kyawun hali daga 'yan sanda. Me zai rubuta? Kuma wai shin abin nan ba ya gogewa ne?

Ɗan Kurmi:
Yaya, ya rubuta a'a kawai ya wuce wurin. Wa zai je ya tono fayil ɗin 2017 a ƙaramar kotu? Takardun nan ƙila ma gara ta gama da su. Mutane nawa ne ke aiki a garin nan da suka yi abin da ya fi nasa?

Barista:
Wa alaikumus salam. Maman Walida, Allah ya kawo mafita. Ɗan Kurmi, ban goyi bayanka ba, zan kuma faɗi dalili, amma bari in fara da tambayarta ta biyu don ita ce mai nauyi.

A'a, ba ya gogewa da kansa. A Najeriya ba mu da wata doka ta gama-gari da ta ce bayan shekara kaza hukunci ya mutu, mutum yana da ikon cewa bai taɓa laifi ba. Kuma mutane su gane, tara ma hukunci ce. Wanda ya amsa laifi aka ci shi tarar N5,000 ya koma gida a ranar, a idon doka sunansa wanda kotu ta samu da laifi, daidai da wanda ya kwana shekara a Kurmawa ko Goron Dutse. Shawarar da aka ba ku a bakin kotu ita ce ake ba dubban mutane, kuma ba wanda ke gaya musu abin da zai biyo baya. Wani abin takaicin, maganar ƙanenki daga jin ta bashi ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya, amma har gobe ana sauya wa bashi riga a kira shi cin amana ko zamba.

Ga abin da hukuncin ke hana shi. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ce wanda aka taɓa samu da laifi ba za a ɗauke shi aiki ba sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ta amince tun da farko, kuma ba a sa wa wannan wa'adi ba. Aikin soja da ɗan sanda, sharaɗinsu ne kada a taɓa samunka da laifi. Banki kuwa, dokar bankuna ta rufe ƙofa ga wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya.

Yanzu ku saurari ɗaya ɓangaren. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 66 da 107 da 137 da 182, su ne suka yi maganar masu takarar majalisa da gwamna da shugaban ƙasa. Abin da suka ce: in an same ka da laifin da ya shafi rashin gaskiya, ba ka takara sai shekara 10 ta cika. Shekara 10 kawai. Ke nan da zarar shekara 10 ɗin ta cika a 2027, in ƙanenki yana da takardar sakandare, ya kai shekara 35, jam'iyya ta tsayar da shi, babu abin da zai hana shi neman kujerar gwamna. Amma masinja a ma'aikatar tarayya, wannan sai da izini na musamman.

Ɗan Kurmi:
Hahaha, Barista ka kashe ni. To Yaya a buga masa fosta mana, mu ne 'yan kamfen.

Maman Walida:
Ni yanzu dariyar ma ba ta zo min. Barista, to kamfanin fa? Ai ba na gwamnati ba ne.

Barista:
Kamfani mai zaman kansa babu dokar da ta hana shi ɗaukarsa direba, babu kuma wadda ta tilasta masa. Sashe na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi, asali ko ra'ayin siyasa, bai ambaci tsohon fursuna ba. Ganin damarsu ne.

Dalilin da ya sa na ƙi shawarar Ɗan Kurmi: ƙasan fom ɗin nan akwai wurin sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Ranar da aka gano, kora ce nan take ba sallama ba haƙƙi, in kuma fom ɗin na rantsuwa ne, sabon laifi ya hau kansa. Kuma ba sai an tono fayil ba. A garin nan wa ke buƙatar fayil? Maƙwabci ɗaya mai baƙin ciki ya isa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Game da takardar 'yan sanda, zanen yatsu ake ɗauka a duba a rumbun bayanan masu laifi, wanda asalinsa ke Alagbon a Legas. Sashe na 16 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce a riƙa aika hukuncin kotuna can cikin kwana 30. Ko nasa ya isa ko bai isa ba, bai kamata mutum ya ɗora abincin 'ya'yansa a kan sa'ar ɓatan takarda ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni fa ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba a so. Maman Walida, ba da ƙanenki nake ba, ban san shi ba. Amma duk kuna magana kamar mai kayan nan ba mutum ba ne. Shi ma jarinsa ne, shi ma yana da iyali. Ni yaron shago ya taɓa kwashe min dila biyu na atamfa, yaron da nake ba abinci da hannuna, in ya yi zazzaɓi ni ke kai shi kemis. Bayan abin ya faru sai ga mutane suna cewa ai Hajiya dama an taɓa ɗaure shi kan irin wannan a wani gari. To me ya hana ku gaya min tun farko? Wai sutura. Suturar da ta ci min jarin shekara uku.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ina da haƙƙin in san wa zan damƙa wa makullin shagona. In aka yi dokar da za ta ba mutum lasisin cewa bai taɓa laifi ba alhali ya yi, to an halatta ƙarya ke nan, kuma mu masu ɗan abin hannu mu za mu kwana a ciki.

Tsohon Gandiroba:
Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Na yi shekara 31 ina wannan aiki kafin in yi ritaya, bari in ba ku abin da idona ya gani.

Waɗanda suka fi dawo mana ba manyan masu laifi ba ne. Yaran wata 3, wata 6 ne. Ka buɗe masa ƙofa da safe, ka yi masa nasiha, ya yi kuka ya rantse. Bayan wata 5 ka gan shi a layin sababbin shigowa yana sunkuyar da kai. Ka ce kai, me ya faru? Ya ce Baba, maigidana ya ce kada in sake taka masa gareji, gidan da nake neman aure sun mayar da kaya, ko majalisar unguwa na zauna sai kowa ya dafe aljihu. Waɗanda suka karɓe shi hannu biyu su ne abokan da ya yi a ciki. Ina kike so ya nufa?

Mun koya wa mutane kafinta da ɗinki da walda. Akwai waɗanda suka yi digiri a ciki ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ke da cibiyoyi a gidajen yari irin su Kuje, kuma ba ta karɓar kuɗin makaranta a hannun fursuna. Ka ga mutum ya fito da kwalin digiri, amma fom mai layi ɗaya ya fi kwalin ƙarfi.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, aka sauya mana suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali. A sashe na 14 an ce wanda ya nuna kyawun hali a ciki a ba shi takardar shaida in zai fita, kuma wanda ya riƙe wannan takarda kada a nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi. Magana mai daɗi. Sai dai ƙanen Maman Walida ya fita kafin dokar, sannan ku tambayi masu ɗaukar aiki goma a Kano ko sun taɓa jin labarinta.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, na ji, kuma na tausaya. Amma tausayi ba ya biyan kuɗin dila. Kuma bari in ƙara da wadda ta fi ta kuɗi. Mutumin da aka ɗaure kan lalata da yarinya, ya fito, ya sauya unguwa, ya buɗe makarantar lesin ko ya zama direban ɗaukar yara. Shi ma a goge masa?

Nas a Birmingham:
Hajiya, gaskiyarki a nan, kuma ƙasashen da ke gogewar ma ba su goge irin wannan ba. Bari in faɗi yadda yake a Ingila tunda ina cike irin fom ɗin nan. Suna da doka tun 1974. Bayan gyaran da aka yi mata a 2023, wanda aka ɗaure shekara 1 ko ƙasa da haka, in ya gama wa'adinsa ya ƙara shekara 1 bai sake laifi ba, hukuncin ya zama wanda ya shuɗe. Daga shekara 1 zuwa 4, sai ya jira shekara 4. Bayan nan in mai shago ko kamfanin mota ya tambaye shi, doka ta ba shi damar yin shiru a kai. Manyan laifukan ta'addanci da fyaɗe da zubar da jini masu dogon ɗauri ba sa shuɗewa. Sannan aikin asibiti, koyarwa, kula da yara ko tsofaffi, duk an cire su daga wannan sassauci, binciken da ake yi mana ya fi na kowa zurfi. Wato ba goge fayil ake yi ba, ana iyakance wanda ke da ikon tambaya ne, da kuma tsawon lokacin da zai yi yana tambayar. Da a nan ne, maganar ƙanen Maman Walida ta mutu da daɗewa.

Barista:
Kuma Hajiya, abin da kike tsoro muna da maganinsa a rubuce. A Nuwamba 2019 aka ƙaddamar da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ƙarƙashin dokar hana cin zarafi ta 2015. Ekiti da Legas sun riga tarayya buɗe tasu. Wannan ita ce hanya: a ware laifin da ke da haɗari ga wani aiki, a tsare wannan aikin. Mai laifin yara a nisanta shi da yara. Wanda ya ci kuɗin ajiya kada ya zama kashiya. Ko dokar bindiga tamu haka ta yi, wanda aka samu da laifin tashin hankali ba a ba shi lasisi sai shekara 5 ta wuce. Amma me ya haɗa bashin wayoyi na 2017 da riƙe sitiyari? Mu abin da muke yi, mun zuba ɓarawon akuya da mai fyaɗe da wanda bashi ya karya a buhu ɗaya mun ɗaure bakin.

Hajiya Mai Atamfa:
Direba ba ya ɗaukar kaya? Ba a ba shi kuɗin mai? Barista kada ka mayar da ni yarinya. Amana ai amana ce.

Barista:
Na karɓi wannan, Hajiya, kin kama ni. To a ce haka ne. Har yaushe? Shi ne tambayata. Kundin tsarin mulki ya ce wanda zai riƙe baitulmalin jiha gaba ɗaya shekara 10 ta wanke shi. Kuɗin man tirela fa, shekara nawa?

Ɗan Kurmi:
Shekara 10 ɗin ma wa ya jira ta? Ku bari mu faɗi gaskiya. Salisu Buhari, ɗan Kano, kakakin majalisar wakilai a 1999, kotu ta same shi da laifin takardun bogi, tarar N2,000 ya biya, Obasanjo ya yi masa afuwa. Alamieyeseigha, tsohon gwamnan Bayelsa, an ɗaure shi a 2007, Jonathan ya yafe masa a 2013. Tsofaffin gwamnoni Dariye na Filato da Nyame na Taraba, kowannensu shekara 14 kotun farko ta yanke masa a 2018 kan kuɗin jiha, a 2022 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince a yi musu afuwa. Faruk Lawan, tsohon ɗan majalisar wakilai, ya gama zamansa a Kuje a 2024, a 2025 sunansa ya fito cikin waɗanda Tinubu ya yafe wa. Duk waɗannan doka ce ta wanke su tas. Shi ya sa na ce yaron nan ya rubuta a'a. Shafaffu da mai suna da sabulu, talaka ba shi da shi, sai ya yi wanka da dabara.

Malam na Zaure:
Assalamu alaikum. Ɗan Kurmi, zaluncin da ka lissafa gaskiya ne, amma ba ya halatta ƙarya. Sai dai ina so in yi wa Hajiya da sauranmu tuni, domin wannan tambaya ta "har yaushe" malamai sun tattauna ta tun da daɗewa.

A Suratun Nur, aya ta 4, Allah ya yi hukunci kan wanda ya yi wa mace kamila ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba: bulala 80, kuma kada a sake karɓar shaidarsa har abada. Kun ga wannan shi ne ainihin abin da muke magana a kai, hukuncin da ke bin mutum bayan an gama yi masa haddi. Sai aya ta 5 ta ce, sai fa waɗanda suka tuba bayan haka suka gyara. Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad suka ce in ya tuba ana karɓar shaidarsa. Abu Hanifa ya ce tuba tana cire masa sunan fasiƙi, amma shaidarsa ba ta dawowa. Mu nan mazhabar Malik muke bi. Ko inda nassi ya ce har abada, malamanmu sun fahimci cewa tuba da gyara suna buɗe ƙofa.

Sannan matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, wadda manyan Ƙuraishawa suka nemi Usama ya yi mata ceto, Annabi (SAW) ya ƙi, aka zartar da haddi. Mutane suna tsayawa a nan. Ku ƙarasa hadisin. Nana A'isha ta ce matar ta kyautata tubarta, ta yi aure, kuma tana zuwa wurinta ta kai buƙatarta ga Annabi (SAW). Babban gida bai hana a hukunta ta ba, hukuncin kuma bai hana ta aure da shiga gidan Manzo ba. Mu mun juya abin. Babba ba a hukunta shi, in an hukunta a yafe, ƙarami kuwa a hukunta shi a kuma hana shi mata.

Amma Hajiya tana da hujja a wuri ɗaya. In aka zo neman shawararka kan aure ko amanar dukiya, faɗin abin da ka sani nasiha ce, ba giba ba. Sharaɗin shi ne ka faɗa duka. Kada ka ce an taɓa ɗaure shi ka yi shiru. Ka ce an ɗaure shi shekara takwas da suka wuce kan kaza, an biya mai haƙƙi, kuma tun daga nan ba mu ga komai ba sai alheri.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah gafarta Malam, da haka aka yi min da ban yi ƙorafi ba. Da na sani, da na ɗauke shi ko na bar shi da idona a buɗe. Ɓoyewar ce ta ƙona ni.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar abin ya fi naku tsari, kuma ta wani gefen ya fi naku tsanani. Muna da takardar da muke kira kaziye, a kotu ake karɓar ta, tana nuna ko an taɓa yanke maka hukunci. Ba ka shiga jarrabawar neman aikin gwamnati ko ka ajiye takardun takara sai da ita, kuma sabuwa, wadda ba ta wuce wata 3 ba. Saboda haka dabarar Ɗan Kurmi ba ta aiki a nan, ba kai za ka faɗa ba, takarda za ta faɗa. Amma dokarmu, da yake ta bi tsarin Faransa, ta tanadi hanyar da mutum zai nemi kotu ta mayar masa da haƙƙoƙinsa bayan wani lokaci.

Ku dubi marigayi Hama Amadu. A 2016 yana tsare a gidan kason Filinge ya yi takarar shugaban ƙasa har ya kai zagaye na biyu, don lokacin ba a yanke masa hukunci ba. A 2017 aka yanke masa shekara 1 kan shari'ar safarar jarirai, wadda shi da magoya bayansa suka ce siyasa ce. A 2020 Shugaba Isufu ya yi wa fursunoni sassauci saboda korona, ya fito. Amma a Nuwamba na shekarar kotun tsarin mulki ta ƙi takararsa, saboda dokar zaɓe ta hana wanda aka yanke wa shekara 1 ko fiye. Sassaucin ya buɗe masa ƙofar kaso, bai goge hukuncin ba. Ga tsohon firaminista, tsohon shugaban majalisa, shekara ɗaya tak ta rufe masa hanya. Don haka irin wannan doka wuƙa ce, wanda ke riƙe da mulki yana iya yanka abokin hamayya da ita.

Barista:
Na gode Ɗan Damagaram, ka taɓo abin da nake so Maman Walida ta fahimta. Saki daban, afuwa daban. Fursunonin da gwamnoni da masu hannu da shuni ke biya wa tara da azumi ko da Sallah, ko mutum 4,068 da ma'aikatar cikin gida ta biya wa tara a 2023, an sake su ne kawai, hukuncinsu na nan. Cikakkiyar afuwa ita ce ke wankewa. Obasanjo kansa misali ne: an ɗaure shi a 1995 zamanin Abacha, Abdulsalami ya sake shi a 1998 ya yi masa afuwa. Da Olu Falae, wanda ya kara da shi a zaɓen 1999, ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce afuwa tana mayar da mutum sabo.

Kuma ƙofar nan ba ta manya kaɗai ba ce a rubuce. Shugaban ƙasa yana yafe laifukan dokar tarayya a sashe na 175, gwamna kuma na dokar jiha a sashe na 212. Cin amana a ƙarƙashin Penal Code, wato kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa, laifin jiha ne, don haka gwamna ne mai ikon. Akwai kwamitin da ke ba shi shawara kan afuwa, ta ma'aikatar shari'a ake kai takarda, kuma wanda ya riga ya gama zamansa ma yana iya nema. Ba na yi miki alƙawarin za a duba da wuri. Ɗaukaka ƙara kuwa lokacinta ya wuce da nisa, sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci, kuma wanda ya amsa laifi da bakinsa yana shan wuya kafin a saurare shi.

Abin yi yanzu: ku je rajistarar kotun ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi, da shaidar cewa an biya mai kaya. In mai kayan yana raye kuma zai yarda ya rubuta cewa an sallame shi, wannan ta fi komai. Ku haɗa da takardar mai unguwa da ta wanda ya yi wa tuƙi a baya. Ya rubuta e, ya maƙala bayani na layi uku, ya nemi ganin mai ɗaukar aikin ido da ido.

Ɗan Kurmi:
Ya rubuta e, sakatare ya jefa fom ɗin a kwandon shara kafin manaja ya gani. Barista, kai a ofis kake, mu muna kasuwa. In bai samu aikin ba kai za ka ciyar da yaran?

Barista:
Yana iya rasa aikin, ban ɓoye ba. Abin da ba na so shi ne ya samu, ya yi shekara uku, a kore shi da sunan maƙaryaci, ya zama tabo biyu.

Tsohon Gandiroba:
Ni dai na ga waɗanda suka faɗi gaskiya aka ƙi su, na ga waɗanda suka ɓoye asiri ya tonu. Wanda na ga yana tsira shi ne wanda wani mai mutunci ya riƙe hannunsa ya kai shi ya ce ni na tsaya masa. Maman Walida, a danginku ko unguwarku ba wani dattijo da kamfanin zai ji kunyarsa?

Maman Walida:
Akwai kawunmu, tsohon direban tanka ne, kusan duk masu motocin sun san shi. Wallahi ban yi tunaninsa ba. Mai wayoyin ma yana nan, har gaisawa suke yi da ƙanen nawa a masallacin Juma'a.

Sai dai yanzun nan na kira shi in karanta masa abin da kuka ce, ashe tun jiya ya mayar da fom ɗin. Na ce me ka rubuta a wurin? Ya ce Yaya, na riƙe biro na fi minti goma, na kasa rubuta a'a, na kasa rubuta e, sai na bar wurin fari.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki. Ni ban sauka daga maganata ba, amma yaron da ya kwashe min atamfa ba zai yi minti goma yana tunani ba.

Barista:
Bai yi ƙarya ba, amma za su lura, kuma za su kira shi. Kada ya jira kiran. Gobe da sassafe ku je kotun, ku tafi da lambar ƙarar in kuna da ita, in babu ku tuna wata da sunan mai ƙara, zai rage muku wahalar nema. Jibi kawu ya saka babbar riga ya raka shi.

Maman Walida:
Lambar tana jikin rasit ɗin tarar, mahaifiyarmu ta adana shi cikin kwalla tun lokacin. Nawa ake biya a karɓi kwafin?

Barista:
Ya danganta da yawan shafukan, nasa kuwa ba zai wuce biyu ko uku ba tunda amsawa ya yi. Ki biya a wurin kashiya, ki karɓi rasit.